CIWON GWIWAR HANNU: ABIN DA YA KAMATA A SANI GAME DA NA'URAR BUGUN SAUTI DA ƊAURIN FILASTA

Akwai wani ciwo da ke kama gefen waje na gwiwar hannu, wanda likitoci ke kira ciwon gwiwar 'yan tanis. An sa masa wannan suna ne a Ingila wajen shekarun 1880, lokacin da aka lura yana yawan samun masu buga ƙwallon tanis. Sai dai sunan yana ruɗar da jama'a, domin mafi yawan masu fama da shi a duniya ba su taɓa riƙe sandar tanis ba. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda ya fi barazana gare su su ne manomi mai noma da fartanya ko yankan riɗi da lauje, da uwargida mai daka da jan guga a rijiya mai zurfi, da mahauci, da maƙeri, da magini, da masu lodin buhuna a kasuwar Maigatari. Ga kuma 'yan wasa, kamar masu ƙwallon tebur a makarantunmu da 'yan kokawa.

Yadda ciwon ke samuwa

Tsokokin da ke ɗaga tafin hannu da yatsu suna kwance ne a bayan sangalin hannu, kuma duka suna haɗuwa a wata jijiya mai ƙarfi da ke manne da ɗan ƙashin nan da ya turo a gefen gwiwar hannu. Duk lokacin da mutum ya damƙi wani abu da ƙarfi, ko ya murɗa shi, wannan jijiya ce ke ɗaukar nauyin. Idan aikin ya yi yawa kuma ana maimaita shi kullum babu hutu, sai zaruruwan jijiyar su riƙa tsagewa kaɗan-kaɗan, fiye da yadda jiki zai iya gyarawa. Ashe ke nan ba targaɗe ba ne, ba gocewar ƙashi ba ce, kuma ba sanyi ba ne ya shiga gaɓa.

An ƙiyasta cewa mutum 1 zuwa 3 cikin kowane 100 na manya suna fama da shi, galibi masu shekara 35 zuwa 55, kuma ya fi kama hannun da mutum ke aiki da shi. Alamarsa a fili take: zafi idan an danna ɗan ƙashin, da zafi wajen ɗaga buta, matse wanki, ko yin musabaha, har wani lokaci kofin shayi ya kuɓuce daga hannu.

Babban abin da ya kamata mai ciwon ya riƙe shi ne, kimanin mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara guda, muddin an rage wa hannun wahala. Da wannan ma'auni ne ake auna kowane magani da za a tallata wa mutum.

Na'urar bugun sauti

Asalin wannan fasaha daga maganin tsakuwar ƙoda ne. A shekarar 1980 likitoci a birnin Munik na ƙasar Jamus suka fara farfasa tsakuwar ƙoda da igiyar sauti mai ƙarfi ba tare da tiyata ba. Daga baya aka rage ƙarfin bugun, aka fara gwada shi a kan jijiyoyi, kuma a farkon shekarun 2000 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da irin wannan na'ura a kan ciwon gwiwar hannu.

Ba wutar lantarki ake sa wa mutum ba, kamar yadda wasu ke zato. Ma'aikacin lafiya yana shafa wani mai a wurin, ya ɗora bakin na'urar, ita kuma ta riƙa aika bugu cikin sauri, sau dubu ɗaya zuwa dubu biyu ko fiye, cikin 'yan mintuna. Akan maimaita haka mako-mako, sau uku zuwa biyar. Ana ganin cewa bugun yana dusashe jin zafi, yana kuma zaburar da jiki ya ƙara kai jini wurin don gyara. Akwai ɗan zafi lokacin da ake yi, fata na iya yin ja ko ta tara jini kaɗan. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, ko wanda ke da gyambo ko ƙari a wurin, haka kuma ba a yi wa yaron da ƙashinsa bai gama girma ba.

To, shin yana aiki? A nan ne ake buƙatar faɗin gaskiya. A shekarar 2005 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 9 da aka yi a kan mutum sama da 1,000, ta kuma gano cewa amfanin na'urar kaɗan ne ko ma babu, idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa na kwaikwayo. Binciken da ya biyo baya ya rabu gida biyu: wasu sun ga sauƙin zafi, wasu ba su ga bambanci ba. Saboda haka likitoci da yawa sukan ajiye ta ne ga wanda ciwonsa ya kai wata shida ko fiye bai ji sauran magani ba. Na'urar tana da tsada, an kuma fi samun ta a manyan birane. Bai kamata magidanci ya sayar da akuya ko buhun riɗinsa ya kama hanya neman ta ba, alhali bai gwada abin da zai iya yi a gida kyauta ba.

Ɗaurin filasta

Filasta mai launi da ake gani a jikin 'yan wasa a talabijin, wani masanin gyaran gaɓoɓi ɗan ƙasar Japan mai suna Kenzo Kase ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ta kuma yi suna a duniya bayan wasannin Olamfik na Beijin a 2008. Tana miƙewa kamar roba, ana manna ta daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta yi kwana uku zuwa biyar. Akwai kuma ɗamara da ake ɗaurawa kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da gwiwar hannu, don ta ɗauke wa jijiyar wani ɓangare na nauyi. Dukansu suna iya rage zafi na ɗan lokaci, su ba mutum damar yin aikinsa, amma ba su ɗinke jijiya. Idan yatsu suka fara sanyi, ko suka kumbura, ko suka mutu, ɗaurin ya yi tsauri, a kwance shi nan take. A lokacin bazara kuwa gumi kan sa fata ƙaiƙayi a ƙarƙashin filasta. In haka ta faru a cire.

Abin da ya fi amfani

Ba a ce a daina aiki ɗungurungum ba, domin manomi ba zai bar gona a damina ba. Abin nema shi ne sauya yadda ake yin aikin. A ɗauki kaya da tafin hannu yana kallon sama, a yi amfani da hannu biyu, a naɗa tsumma ko roba a ƙotar fartanya don riƙon ya yi taushi, a wasa lauje da wuƙa, a riƙa karɓa-karɓa wajen daka da jan ruwa. Ɗan wasa kuma ya rage atisaye na 'yan makonni, mai koyar da shi ya duba yadda yake riƙo da bugu.

Sai motsa jijiyar, wanda shi ne ginshiƙin magani. A kwantar da hannu a kan tebur ko cinya, tafin yana kallon ƙasa, a riƙe ƙaramar gorar ruwa. A ɗaga tafin da taimakon ɗaya hannun, sannan a sauke shi a hankali shi kaɗai. A yi sau 10 zuwa 15, a huta, a maimaita har zagaye uku, kullum, na tsawon wata biyu zuwa uku. Ɗan zafi kaɗan ba laifi ba ne.

Ana jan hankalin jama'a game da allurar sitiroyid da ake yi a gaɓa. Tana kawar da zafi cikin makonnin farko, amma binciken da aka yi a Holan da Ostareliya ya nuna cewa ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka yi wa ita, fiye da waɗanda suka yi haƙuri suka jira. Yawan shan ƙwayoyin kashe zafi daga hannun masu talla a kasuwa kuwa yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tsaga da ƙaho ba su kaiwa ga jijiyar, sai dai su bar rauni, kuma tunda babu karaya babu abin da mai ɗori zai ɗora.

Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ciwon ya fara ne bayan faɗuwa, ko hannun ya ƙi miƙewa, ko yatsu suna mutuwa, to wataƙila wani ciwon ne dabam, a hanzarta zuwa asibiti. Haka ma wanda ya yi wata uku yana bin waɗannan matakai bai ga canji ba, ya je cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel, inda likita zai duba shi, in da buƙata ya tura shi wurin ƙwararrun gashi da motsa gaɓoɓi a Dutse ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ana roƙon jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, malaman wasanni, dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman kafin lokacin girbi da sussuka, sa'ad da aiki ke yi wa hannu yawa.