Lamu: Garin Da Ke Tashi Da Kiran Asuba Da Cikar Teku

A tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, abubuwa biyu ne ke tsara yini: kiran salla da cikar teku. Da an sallame sallar asuba, masunta sai su kwance jiragensu na katako masu tafiya da iska, su nufi ruwa. Da hantsi kuwa, jakuna ke kwasar kaya daga bakin tasha, domin lungunan tsohon garin sun yi wa mota ƙunci. Gidajen nan na dutsen murjani masu ƙofofin sassaƙa na cikin abin da ya sa UNESCO ta sanya garin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Idan muka shiga ciki, za mu tarar da Masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya assasa a ƙarshen ƙarni na 19. A watan Rabi'ul Awwal, baƙi daga sassan Gabashin Afirka kan cika garin domin Mauludi, har da tseren jakuna da na jiragen ruwa.

Sai dai wannan zaman yana fuskantar jarrabawa. Sabuwar babbar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021 ta ci wani ɓangare na wuraren kamun kifi. Tun 2018 kotu ta umarci a biya dubban masunta diyya. Abin da muke fata shi ne ci gaban ya zo da adalci ga masuncin da abincin iyalinsa ke cikin wannan ruwa.