Yadda Ake Gane Shayi Mai Kyau Ba Tare da An Zubar da Kuɗi Ba

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai bayan sallar la'asar, da wuya ya wuce layi biyu bai iske matasa zaune bisa benci sun kewaye ɗan murhun gawayi ba, ƴar buta na tafasa, ana jiran na farko ya sauka. Wannan ya kawo dala goma, wancan dala ashirin, a aiki yaro shago ya sayo ganye da sukari. Haka take a bakin tasha, haka take a ƙofar ma'aikatu, haka kuma a zaurukan dattawa. Idan aka haɗa abin da fada guda ke kashewa a wata, za a tarar ba ƙaramin kuɗi ba ne, musamman ga mutanen da galibinsu ba su da albashi.

A cikin wasiƙu da kiraye-kirayen da muke samu a gidan rediyo, akwai wani koke da ke yawan dawowa: wai shayin yanzu ba kamar na da ba, kuɗinsa ya hau amma tun a na biyu ya zama ruwa. Wannan ya sa muka shiga kasuwa, muka zauna da masu sayarwa da masu dafawa, domin mu kawo wa masu karatu abin da zai taimake su su daina sayen kwali, su koma sayen ganye.

Daga ina ganyen yake zuwa?

Ba a noma shayi a Nijar. Kusan duk koren ganyen da muke dafawa daga ƙasar Sin yake fitowa, musamman daga lardunan Jejiyang da Anhuyi da Jiyangshi. Itace ɗaya ne ke ba da koren shayi da baƙin shayin da mai tebur ke haɗawa da madara da safe. Bambancin yana wurin sarrafawa: koren ana gasa shi da zarar an tsinko, kafin iska ta sauya masa launi, shi kuwa baƙin ana barinsa ya yi duhu tukuna.

Masana tarihi na cewa shan wannan ganye ya bazu a Maroko ne a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 ya toshe wa fataken Ingila wasu kasuwanninsu, suka juya da hajarsu zuwa tashoshin ruwan Maroko. Daga can ayarin raƙuma suka ratsa da shi cikin Sahara, Larabawa da Buzaye suka kawo mana shi tare da al'adar dafawa sau uku. Fadodin matasa kuwa sun yawaita ne a shekarun 1990, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, sa'ad da aikin yi ya yi ƙaranci, gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, gaisuwar fada-fada ta cika iska. Har wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta wallafa littafi sukutum a kan fadodin Nijar a 2019.

Tunda kaya ne na waje, duk abin da ya taɓa kuɗi ko hanya sai ya taɓa butar shayi. Manya na tune da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994. Na baya-bayan nan kuwa shi ne rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yuli na 2023, abin da ya sa kaya da yawa da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Doguwar hanya na ƙara kuɗin mota, tana kuma ƙara kwanakin da ganye zai yi cikin zafi.

Lambobin da ke jikin kwali

Yawancin masu saye suna kallon hoton da ke jikin kwali, raƙumi ne ko zaki ko wani kyakkyawan suna, su manta da ƴar lambar da ke gefe. Alhali sunan na mai odar kaya ne, lambar kuwa ita ce ke faɗin irin ganyen da ajinsa.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Na farko shi ne mai ƙwaya-ƙwaya, wanda aka murza kowane ganye ya dunƙule kamar harsashin bindigar toka, shi ya sa Turawa ke kiransa da sunan albarushi. Lambarsa da aka fi sani ita ce 3505, kuma ana ƙara mata harafin A domin nuna fifiko, 3505AAA ya ɗara 3505A. Na biyu shi ne mai siririn ganye lanƙwasasshe kamar gira, wanda Sinawa ke kira cunmi. A nan 41022 ne kan gaba, sai 4011, sai 9371, daga nan lamba na sauka daraja na sauka, 9370, 9369, 9368 har ƙasa.

Sai dai a lura, mai kamfani ne ke buga wa kansa wannan lamba, kuma ba wuya a jera haruffan A guda biyar a kan ganyen da bai kai ba. Don haka lamba alkawari ce kawai, ganyen da ke ciki ne zai nuna ko an cika shi.

Gwajin da muka yi

A 1976 an yi wani abu a birnin Paris da har yau ake ba da labarinsa. An tara ƙwararrun Faransa a fannin giyar inabi aka ba su ɗanɗano ba tare da sun ga kwalabe ba, sai ga shi sun fifita ta Kalifoniyar Amurka a kan tasu da suke taƙama da ita. Mu wannan abin sha ba namu ba ne, addini ya raba mu da shi, amma darasin ya shafe mu: ido idan ya ga suna da farashi, yakan yaudari harshe.

Sai muka ce bari mu gwada da namu. Muka sayi ƙananan kwalaye biyar masu farashi daban-daban, muka juye kowane a cikin farar takarda, muka ɓoye kwalayen. Muka gayyaci abokai daga fadodi uku, aka ba mutum guda dafawa, da ruwa iri ɗaya da awo iri ɗaya. Kowa ya rantse zai gane nasa da ya saba da shi. Da aka gama, mafi tsadar bai zo na ɗaya ba, wanda ya fi samun yabo yana cikin masu matsakaicin kuɗi. Mafi arhar kuwa ya zo na ƙarshe, domin tun a na biyu ya sare. Wani da ya yi shekaru yana kare sunan wani kamfani shi ne ya fara kushe ganyen kamfanin, ba tare da ya sani ba. Ranar an sha dariya.

Ba mu ce gwajin rana guda ya zama hukunci ba. Abin da ya nuna mana shi ne, riba tana tsakiya, kuma sai an buɗe kwali ake ganinta.

Ido, hannu, hanci da harshe

Wani dattijo da ya daɗe yana sayar da shayi a kasuwar Dole ta Damagaram ne ya zaunar da mu ya koya mana duba ganye. Da muka miƙa masa kwali muka ce, "Baba, wannan fa?" sai ya girgiza shi kusa da kunne, ya zazzage a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, ai ba a sayen doki a cikin ɗaki."

A fara da ido. Mai ƙwaya, a nemi wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne, masu ƙarfi, girmansu kusan ɗaya. Manyan ƙwayoyi sakwa-sakwa alamar tsohon ganye ne. Mai kama da gira kuma, a nemi siriri mai launi ɗaya, wanda ba shi da yawan itatuwa da ɓarɓashin rawaya. A zazzage kwalin har ƙasa, domin a can gari ke taruwa. Gari na fitar da launi da ɗaci da wuri, mutum ya zaci ƙarfi ne, amma ba ya kai na uku.

Sai hannu. Ganye mai lafiya idan aka matsa shi tsakanin yatsu karyewa yake da ɗan sauti. Idan ya lanƙwashe ko ya yi laushi, ya sha danshi, kuma danshi ne ke kawo fumfuna, musamman da damina. A kuma goga kaɗan a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda, ko a jefa cikin ruwan sanyi. Ganyen gaskiya a hankali yake sakin launi. Wanda ya rina takarda nan take, akwai alamar an sa masa rini. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, tun a shekarun 1840 wani Baturen Birtaniya mai suna Robert Fortune ya ga ana zuba shuɗin rini a koren shayin da za a fitar waje.

Sai hanci. Ɗan ƙamshin hayaƙi a jikin mai ƙwaya ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne warin ruma, ko ganyen da ba ya ƙamshin komai. Shayi na zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, don haka shagon da ya jera shi gefen sabulu, turare ko kwalaben fetur ya riga ya ɓata shi. Haka wanda aka shanya a tebur yana shan ranar watan Afrilu.

Na ƙarshe shi ne harshe, kuma a nan ne akasarinmu ke kuskure, domin muna ɗanɗanawa bayan an zuba sukari. A kurɓi kaɗan kafin sukari. Ganye mai kyau yana da ɗaci, amma ɗacin na wucewa ya bar ɗan zaƙi a baki. Mara kyau kuwa ɗacinsa na maƙalewa a maƙogwaro. Kumfa ma kada ta ruɗe mu, yawancinta daga ɗagawar buta da juyawa tsakanin kofuna take. Bayan na uku a zazzage butar a duba: idan ganyaye ne suka buɗe, an yi saye, idan dagwalo ne da itatuwa, a canja.

Inda arhar take

Masu magana sun ce arha ba ta ado. A harkar shayi, arha ba a farashin kwali ake lissafa ta ba, a yawan zagayen da ganye zai bayar ne. Kwalin da ya kai na uku da ƙarfinsa ya fi wanda ya gaza shi kuɗi amma sai an ƙara ganye a na biyu, ga ƙarin sukari don rufe aibinsa, ga gawayin da aka ƙona.

Hanya ta biyu ita ce sari. Ƙananan kwalaye goma masu giram 25 daidai suke da babba guda mai giram 250, amma mai sayen ƙananan yana biyan kuɗin kwali goma da ribar hannuwan da suka bi. Fada guda, ko biyu maƙwabta, za su iya yin karo-karo a farkon wata su je wurin ƴan sari a babbar kasuwa. Sharaɗin shi ne a fara sayen ƙarami a gwada, idan ya yi, a koma a ranar a sayi irinsa daga kaya ɗaya, domin suna ɗaya na iya zuwa da ganye daban a wata mai zuwa.

Na uku, kada a raina sabon suna. Ɗan kasuwar da ke neman shiga kasuwa yakan kawo ganye mai kyau da sauƙin kuɗi don ya samu masu saye, shi kuwa wanda ya riga ya yi suna har jabunsa ake yi. A duba ko an taɓa buɗe kwalin an sake liƙewa, a duba kwanan wata, a zaɓi shagon da kaya ba sa daɗewa a cikinsa. Idan an kawo gida a juye cikin gwangwani mai murfi, a ajiye a inuwa.

Ruwa ma na da nasa. Ruwan rijiya mai gishiri ko na famfo mai warin magani na kashe ganye komai tsadarsa. Na famfo a bar shi ya kwana a randa kafin a dafa.

Batun lafiya

Ba aljihu kaɗai abin ya shafa ba. A 2019 Maroko, wadda ta fi kowace ƙasa sayen koren shayin Sin, ta tsaurara dokokinta kan ragowar maganin ƙwari a jikin ganye. A farkon 2021 kuma hukumomin Mali sun ba da umurnin janye wani shayi daga kasuwa saboda wannan matsala. Wannan abu ne da ido ko harshe ba sa ganewa, kuma ɗauraye ganye da ruwan zafi kafin dafawa, ko da yake yana fitar da ƙura, ba ya kawar da shi duka. Aikin hukuma ne, don haka muke kira ga ma'aikatun kasuwanci da na lafiya da jami'an duwan da su riƙa auna abin da ke shigowa suna sanar da jama'a.

Likitoci kuma na tunatar da cewa shayi mai ƙarfi dab da cin abinci na hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, saboda haka masu juna biyu da masu ƙarancin jini su jinkirta kamar awa guda. Masu ciwon sukari su kula da awo. Su kuwa masu jefa ƙwayar taramol a buta, wannan ya fita daga shan shayi, kuma kowace fada ta san nauyin da ke kanta.

Gobe idan za a aiki yaro shago, a bar babba ya je da kansa ko da sau ɗaya ne, ya buɗe, ya duba, ya shinshina. Duk fadar da ta yi irin gwajin da muka yi, muna jiran ta aiko mana da sakamako. Allah ya ba mu lafiya da abin sayen sukari.