Yadda Ake Gano Abin Da Ya Kayar Da Manhaja

Duk mai riƙe da waya ko kwamfuta ya taɓa ganin manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, ba sallama ba bayani. Mai amfani zai yi tsaki ya sake buɗewa, a wurinsa magana ta ƙare. A wurin waɗanda suka rubuta manhajar kuwa, lokacin ne aiki ya fara. Tsakanin faɗuwar manhaja da share ta daga ƙwaƙwalwar na'ura akwai ɗan ƙiftawar ido, kuma a cikinsa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar tana iya kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta zuba a fayil. A Linux da danginsa sunan fayil ɗin core, a Windows kuma yana ƙarewa da .dmp, mu a nan za mu kira shi fayil ɗin faɗuwa. Manhajar da ake buɗe shi da ita ita ce dibaga, irin su GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, da LLDB, da WinDbg ta kamfanin Microsoft. Da yawa daga masu koyon sana'ar suna ɗauka cewa da an miƙa wa dibaga wannan fayil, za ta nuna mai laifi. Gaskiyar ita ce fayil ɗin tulin lambobi ne kawai, kuma amfaninsa ya dogara ne ga abin da aka tanada tun kafin manhajar ta faɗi.

Mu fara da yadda fayil ɗin ke samuwa. Kowace manhaja tana da yankunan ƙwaƙwalwa da aka ba ta izinin taɓawa. Idan ta miƙa hannu wajen iyakarta, furosesa ce ke fara kama ta, sai ta sanar da kanel, wato zuciyar babbar manhaja, shi kuma ya aika wa manhajar sigina. A Linux siginar wannan laifi ita ce SIGSEGV mai lamba 11. Akwai SIGFPE mai lamba 8, wadda kan zo idan an raba lamba da sifili, da SIGABRT mai lamba 6, wadda manhaja ke jawo wa kanta idan ta lura al'amura sun lalace. In manhajar ba ta shirya yadda za ta karɓi siginar ba, kanel zai tsayar da dukkan zarurrukan aikinta, ya rubuta fayil, sannan ya kawar da ita. Sai dai ba kullum ake rubutawa ba. Na'urori da yawa suna zuwa da iyakar girman fayil ɗin a kan sifili, kuma sai an ɗaga ta da umarnin ulimit -c. A wasu kuma kanel yana miƙa abin da ya kwaso ga wata manhaja ta adana, kamar systemd-coredump, ko apport a Ubuntu. Tanadi na farko ke nan: wanda bai buɗe wannan ƙofa ba, manhajarsa za ta faɗi ba ta bar komai ba.

Idan GDB ta buɗe fayil ɗin, abin da take fara dubawa shi ne bayit huɗu na farko, lamba 7F da haruffan E, L, F. Su ne ke shaida cewa fayil ɗin yana kan tsarin ELF, tsarin da Linux ke ajiye manhajojinsa a kai. Kusa da su akwai gurbin da ke faɗin nau'in fayil, kuma lamba 4 a wurin tana nufin fayil ɗin faɗuwa ne. Daga nan sai jadawalin sassa, waɗanda iri biyu ne. Iri na farko bayanan da kanel ya rubuta ne game da manhajar: sunanta, lambarta, siginar da ta kayar da ita, adireshin da ta yi ƙoƙarin taɓawa, jerin fayilolin da ta ɗora a ƙwaƙwalwa, da kuma abin da ke cikin rajistocin furosesa na kowane zaren aiki. Rajistoci ƙananan ma'ajiyai ne a cikin furosesa kanta, kuma biyu daga cikinsu sun fi kowane muhimmanci a nan: wadda ke nuna umarnin da ake kai, da wadda ke nuna saman tarin kiraye-kiraye. A furosesar Intel da AMD mai bit 64 sunansu rip da rsp. Iri na biyu shi ne gutsattsarin ƙwaƙwalwar kanta, kowane da bayanin adireshin da yake zaune a da, da girmansa, da inda yake a cikin fayil. Da wannan jadawali dibaga ke sake shimfiɗa ƙwaƙwalwar. Duk adireshin da aka tambaye ta, maimakon ta leƙa manhaja mai rai, sai ta duba jadawali ta ɗebo daga fayil.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A tsarin da Linux ya zo da shi, kanel ba ya kwafe umarnin manhajar a cikin fayil ɗin. Yana kwafe abin da manhajar ta ƙirƙira ko ta sauya yayin aiki, ya tsallake abin da aka ɗoro daga faifai ba a taɓa ba, bisa hujjar cewa yana nan a faifan, kwafe shi ɓata wuri ne. Shi ya sa ake ba GDB abu biyu, fayil ɗin manhajar da fayil ɗin faɗuwa, kuma tana buƙatar dukkan laburaren da manhajar ta ari ayyuka daga cikinsu. Ƙari a kan haka, saboda tsaro, babbar manhaja tana sauya wurin da take ɗora kowane yanki duk lokacin da aka kunna manhaja, don haka sai dibaga ta yi lissafin inda kowane laburare ya sauka a wannan karon, daga bayanan kanel da jerin da mai ɗora laburare ya bari a ƙwaƙwalwa. Idan aka ba ta laburaren da ya bambanta da na asali ko da da sabuntawa ɗaya, adireshi zai faɗa kan wani sashe dabam, dibaga ta yi ɗan gargaɗi, sannan ta ci gaba da kawo sunayen da ba su ne ba. Maganin wannan shi ne lambar shaidar gini, yawanci bayit 20, wadda ake liƙa wa manhaja ranar da aka harhaɗa ta. Kanel yana kwafe shafin farko na kowane fayil ɗin ELF domin a sami wannan lamba a gwada.

Ko an sami manhajar daidai, da sauran aiki. Furosesa ba ta san suna ba, lamba kawai ta sani. Abin ya yi kama da littafin bashin mai shago da aka cika da adadin kuɗi da lambar shafi, amma sunayen masu bashin suna wani littafi na dabam: in na biyun ya ɓace, na farkon duk gaskiya ne a cikinsa, sai dai ba wanda za a bi. Littafi na biyu a nan shi ne kundin sunaye da manhajar harhaɗawa ke fitarwa idan an nemi ta yi, misali da alamar -g. A Linux tsarinsa DWARF ne, wanda bugunsa na 5 ya fito a 2017, a Windows kuma fayilolin PDB. Kundin ne ke cewa adireshi kaza layi kaza ne na fayil kaza, kuma bayit takwas ɗin da ke wuri kaza sunansu kaza, ma'anarsu kaza. Da yake yana da nauyi, akan cire shi kafin a raba manhaja ga jama'a. Cirewar ba laifi ba ce, jefar da shi ne laifi. Microsoft ya daɗe da sabar da ke raba kundin sunayen Windows, kuma a 2019 aka fito da debuginfod a ɓangaren Linux, wadda GDB ta fara aiki da ita a 2020. Fedora, Debian da Ubuntu duk suna da irin wannan saba, inda dibaga ke aika lambar shaidar gini a turo mata kundin da ya dace.

Idan ukun nan suka haɗu, wato fayil ɗin faɗuwa, da manhajar daidai, da kundin sunayenta, sai a ga aiki. Mu ƙaddara wata manhajar lissafin albashi ta faɗi, injiniya ya buɗe fayil ya rubuta bt, umarnin da ke nuna jerin kiraye-kiraye. Dibaga za ta ɗauki lambar da ke cikin rip ta nemo ta a kundi, ta ce layi na 42 ne a sashen da ke cire haraji. Sannan ta duba wani jadawali da ke faɗin inda kowane sashe ke ajiye adireshin komawa ga wanda ya kira shi, ta ɗebo adireshin daga tarin da rsp ke nunawa, ta gano sashen da ke lissafin ma'aikaci guda ne ya yi kiran. Haka za ta yi ta hawa mataki-mataki har farkon manhajar. Bayanin kanel ya ce adireshin da aka taɓa shi ne 8. Injiniya ya nemi a nuna masa manunin bayanan ma'aikacin, wato lambar da ke nuna adireshinsu, ya ga sifili ne. Lissafi ya fito: an nemi ma'aikaci ba a same shi ba, an dawo da sifili, ba wanda ya duba, sai manhajar ta ƙara 8 a kan sifili don ta karanta gurbin albashi, ta faɗa yankin da aka haramta.

Mai karatu zai iya cewa, ai ga shi dibaga ta nuna mai laifi. A wannan misali mai sauƙi, kusan haka ne. Amma Hausawa sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. Fayil ɗin yana riƙe da daƙiƙar ƙarshe ce kawai, ba a iya tura manhajar gaba ko a mayar da ita baya. Wani sashe zai iya ɓata ƙwaƙwalwa tun da safe, a faɗi da yamma a hannun sashen da ba ruwansa. Wani lokaci ma dibaga za ta ce an share ƙimar da ake nema yayin gyara manhajar don ta yi sauri. Abin da ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024 ya isa darasi. Sabuntawar da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ta kayar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, ayyukan asibitoci da bankuna suka tsaya. Fayilolin faɗuwa sun nuna direban CrowdStrike mai suna csagent.sys nan take. Amma da wasu suka ga ƙaramin adireshi 0x9c a ɗaya daga cikinsu, sai suka yanke hukuncin cewa irin laifin sifilin nan ne. Tavis Ormandy, wanda a lokacin masanin tsaro ne a Google, ya nuna cewa umarnin yana duba sifili kafin ya karanta. Rahoton da CrowdStrike ya fitar a watan Agusta ya ce an tsara gurabe 21 amma aka kawo 20, sai manhajar ta karanta na 21 daga wajen iyaka. Fayil ɗin bai yi ƙarya ba, masu gaggawar karanta shi ne suka yi kuskure.

Wani kuma zai ce, tunda haka ne, me zai hana a dogara ga littafin aiki da manhaja ke rubutawa tana tafe, ko ga irin rr, wadda Mozilla ta fitar a 2014, mai naɗe tafiyar manhaja a sake kunna ta gaba da baya? Duka biyun suna da amfani, amma kowanne da iyakarsa. Littafin aiki yana ɗauke ne da abin da marubucin manhaja ya yi tsammanin zai buƙata, alhali kuskuren da ke kayar da manhaja galibi shi ne wanda ba a yi tsammani ba. Naɗe tafiya kuma yana cin lokaci da wuri, kuma sai an kunna shi tun kafin matsalar. Fayil ɗin faɗuwa ba ya rage wa manhaja gudu ko kaɗan sai ranar da ta faɗi, kuma ga kuskuren da ke zuwa sau ɗaya a wata a na'urar wani can nesa, sau da yawa shi kaɗai ne shaidar da za a samu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na sirri. Duk abin da ke ƙwaƙwalwar manhaja a lokacin faɗuwa yana iya shiga fayil ɗin: kalmar sirri, makullin ɓoye bayanai, saƙon da ake rubutawa. A watan Mayun 2025 kamfanin Qualys ya bayyana ɓaraka a apport da systemd-coredump da za ta iya ba mai amfani da na'ura damar karanta fayil ɗin faɗuwar manhaja mai babban izini, har ya kai ga ɓoyayyun kalmomin sirri. Wannan hujja ce ta a tsare fayil ɗin, kuma akwai hanyoyin yin haka. Linux yana ba manhaja damar ware yankin da ba za a kwafe ba, kuma a tsarinsa na asali ba ya rubuta fayil ga manhajar da ke aiki da aron izini. Chrome da Firefox suna aika ƙaramin fayil ne, mai ɗauke da rajistoci da tarin kiraye-kiraye da jerin laburare, ba ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ba, kodayake shi ma yana iya ɗauko ɗan gutsuren sirri.

Saboda haka, ga matasanmu masu rubuta manhaja, tun ran gini ran zane: a buɗe damar rubuta fayil ɗin, a adana kowane bugun da aka fitar tare da kundin sunayensa da lambar shaidarsa, a killace fayilolin kamar yadda ake killace kalmar sirri, kuma kada a yanke hukunci daga layin farko da dibaga ta nuna. Kai kuma mai amfani, idan manhaja ta faɗi ta nemi izinin aika rahoto, in ka amince da kamfanin da ya yi ta, ka aika, domin ta haka ake gyara ta. Amma kada ka ɗora fayil ɗin a intanet ko ka tura wa wanda ba ka sani ba.