Surar Ƙwayar Ciwon Hanta Nau'in B: Abin da Aka Gani da Abin da Ya Gagara

Faɗin ƙwayar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B bai wuce nanomita 42 ba. Sai an jera fiye da 20,000 kafin su cika milimita guda. Duk da wannan ƙanƙanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kuma ta yi sanadin mutuwar kusan miliyan 1.1 a shekarar, yawancinsu ta hanyar ƙandarewar hanta da kansar hanta. Masanan da ke nazarin ginin jikinta tambaya ɗaya ce ta dame su: yaya aka harhaɗa ta, kuma ina lagonta yake?

Da lalube aka fara. A 1965 Baruch Blumberg ya ba da rahoton wani baƙon furotin da ya tarar a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ba tare da ya san na mene ne ba. Sai a 1970 David Dane, a Landan, ya hango cikakkiyar ƙwayar da madubin lantarki. Abin mamakin shi ne, yawancin abin da ke yawo a jinin mai cutar fanko ne: ƙananan dunƙule masu faɗin nanomita 22 da wasu zarurruka, fatar waje kawai, babu komai a ciki, kuma sun ninka ƙwayoyin gaske sau dubbai. Masana na ganin da su ƙwayar take shagaltar da garkuwar jiki. To, wannan fankon ne ya zama allurar rigakafi. A 1981 daga jinin masu cutar ake tace shi. Daga 1986 aka koma sa yis ya ƙera shi, aka huta da jinin mutane.

Inda aikin ya fi armashi shi ne ƙoƙon ciki, wanda ke rufe da kundin gadon ƙwayar. Furotin iri ɗaya tak ke gina shi. Guda biyu kan rungumi juna su fitar da tsini, sannan irin waɗannan tagwaye 120, wato furotin 240, su haɗu su ba da dunƙule mai fuska 20. Wani lokaci tagwaye 90 ne ke haɗuwa, sai ƙoƙon ya fito ɗan ƙarami. Babu wani mai tsara su. Ko a kwalbar gwaji, in aka ƙara gishiri daidai gwargwado, da kansu suke hawa juna har ginin ya rufe.

A 1997 rukuni biyu, na Tony Crowther a Kambirij ta Ingila da na Alasdair Steven a Amurka, suka daskarar da ƙoƙon cikin ƙanƙara, suka ɗauki hotuna dubbai, kwamfuta ta haɗa su har aka ga yadda furotin ɗin ya nannaɗe. A lokacin abin ya zama abin faɗa, domin wannan dabara ba ta saba kai wa nan ba. Ita ce kuma daga baya, a 2017, ta jawo wa masu ƙirƙirarta kyautar Nobel. A 1999 mutanen Kambirij suka ƙarasa aikin da hasken eksire, aka san mazaunin kusan kowane ɓangare.

Me aka ƙaru da shi? An gano wani ɗan lungu a mahaɗar tagwayen, inda ƙaramin sinadari zai iya maƙalewa. Da ya shiga, sai ginin ya kama sauri fiye da kima, kamar maginin da aka matsa wa ya ɗora rufi kafin bango ya bushe: ko dai ƙoƙon ya fito a karkace, ko ya rufe babu kundin gado a ciki. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce, har ga ƙwayar cuta. Sai dai gaskiya ɗaya ce: magungunan farko na wannan aji sun rage yawan ƙwayar a jini, amma ba su warkar ba, har an dakatar da gwajin wasunsu.

Ƙofar shiga hanta kuwa ta ɗauki shekara fiye da 40 ana nema. A 2012 rukunin Wenhui Li a Bejin ya gano cewa furotin NTCP ne, wanda aikinsa na asali shigar da gishirin ruwan maɗaciya cikin hanta. A 2022 aka fitar da surarsa. Maganin bulevirtide, da aka kwaikwayo daga hannun da ƙwayar ke kama ƙofar da shi, ya samu amincewar Tarayyar Turai a 2020, amma don ciwon hanta nau'in D, wanda ke aron fatar B.

A ganina, matsalar tana wuraren da ido bai kai sosai ba. Da ƙwayar ta shiga, kundin gadonta, mai harafi kusan 3,200 kacal, yakan zama rufaffen zobe ya kwanta a cibiyar tantanin hanta shekara da shekaru. Magungunan tenofovir da entecavir suna hana ta hayayyafa, amma ba sa taɓa zoben, shi ya sa mai shan su yakan daɗe a kai, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Furotin da ke kwafar kundin ma ya daɗe yana gagarar masu son ɗaukar cikakken hotonsa.

Mu a nan Nijeriya muna da ƙarin dalilin sa ido. Cikin jinsunan ƙwayar, jinsin E ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma, alhali yawancin bincike an yi shi ne a kan jinsunan Turai da Asiya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da cutar. Kafin masana su cim ma zoben nan, abin da ke hannu shi ne gwajin jini ga manya, musamman masu juna biyu, da allurar farko ga jariri cikin awa 24 da haihuwarsa. Kada a bari sai ranar suna.