Ku Bar Yarinyar Nan Ta Yi Gaɗa

Kwana biyu bayan Sallar layya, 'yan mata suna gaɗa a bakin lungunmu a cikin birnin Zariya. A cikinsu akwai wata da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, wadda ta zo da mahaifiyarta daga wani ƙauye na ƙasar Giwa bayan ɓarayin daji sun kashe mahaifinta. Sai wata dattijuwa ta leƙo daga zaure, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, ko kunya ba kya ji? Kabarin ubanki bai bushe ba kina nan kina tsalle?" Yarinyar ta ja mayafinta ta shige gida. Har yau ban sake ganinta a wajen wasa ba, kuma na gaji da jin irin wannan magana.

Bazazzagi ba ya buƙatar a yi masa bayanin 'yan gudun hijira. Mun karɓi na Borno da Yobe tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, yanzu ga na Giwa da Birnin Gwari da Zamfara. Galibinsu a gidajen dangi suke raɓe, ko a ɗakin haya, ko a kango. Yunwa da rashin makaranta kowa ya san da su.

Abin da ya dame ni shi ne zaton da ake yi wai yaron da ya ga tashin hankali, in ya yi wasa to bai san darajar mamacinsa ba. Wa ya ce yaro yana takaba? Matar mamaci ce shari'a ta ɗora wa wata huɗu da kwana goma, sauran dangi kwana uku aka ba su. Mu ne muka ƙirƙiri makoki marar iyaka muka ɗora wa marainiya, sannan in ta zauna a lungu ta yi tagumi mu ce ai yarinyar akwai natsuwa. Wace natsuwa? Ku tambayi uwarta yadda take kwana. Ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa ta zabura, don a kan babura aka shigo garinsu. Wasu yaran har fitsarin kwance sukan koma yi bayan sun daɗe da dainawa.

Ku tsaya ku kalli gaɗa da kyau. Yara sun yi da'ira suna tafi, guda tana bayar da waƙa saura suna amshi, sai wadda layi ya zo kanta ta juya musu baya ta saki jiki ta faɗo, su cafe ta su cilla ta sama ta dira. Yarinyar da ta kwana a daji tana gudu, ta ga wanda ta sani ya zama ɗan rahoton ɓarayi, ranar da ta yarda ta faɗa hannun 'yan matan Zazzau ba tare da ta waiwaya ba, ranar ta fara zama 'yar unguwa. Ga gajiyar jiki da ke kawo barci, ga sunanta da ake kira a cikin waƙa, ga ƙawar da za ta biyo mata gobe su tafi Islamiyya. Dattijuwar nan duk wannan ta katse da magana guda.

Masu cewa addini ya hana, su koma wajen malamansu. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ranar idi 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawatar musu, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Ni ma ba na goyon bayan casun dare da ake cakuɗa maza da mata ana barin lasifika har asuba, amma me ya haɗa wannan da tafin yara a tsakar gida?

A ƙasar Malawi, a sansanin Dzaleka, wani ɗan gudun hijira daga Kwango ya fara bikin kiɗa da rawa mai suna Tumaini a 2014, har 'yan ƙasa suke shiga sansanin kallo. Mu da muke da gaɗa da tashe da langa tun kaka da kakanni ba mu buƙatar aron komai.

Iyaye mata, aikin a hannunku yake. In baƙuwa ta sauka a unguwa, ki tura 'yarki ta kira ta, kada ki jira ta zo da kanta, ba za ta zo ba. A yi wasan a tsakar gida bayan la'asar ko da farin wata, babba yana kusa. In ta tsaya a gefe, a bar ta ta kalla, ko tafi kaɗai ta yi ya isa a ranar farko. Ku ce ta koya muku gaɗar garinsu, za ku ga yadda fuskarta za ta sake. Ku hana yaranku kwaikwayon karin harshen Bazamfara, ku hana su kiran kowa "'yar gudun hijira", tana da suna. Kada a titsiye ta da tambayar yadda aka kashe ubanta, kuma don Allah samari a daina ɗaukar su a waya ana sakawa a TikTok don neman tausayi. In azumi ya kai goma, a sa 'yan mazan da suka yi hijira cikin ayarin tashe su zaga gida-gida, da haka za su san lungunan birni, mutane kuma su san fuskokinsu. Masu unguwanni su ja kunnen masu fasa abin ƙara lokacin Sallah a inda waɗannan yara suke.

Wanda kuwa aka ga wata da watanni ba ya barci, ba ya ci, ko ya daina magana, wasa ba zai wadatar da shi ba. A kai shi asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin koyarwa na Shika, a gaya wa likita duk abin da yaron ya gani.