Ido a Kan Katanga: Kyamarar Tsaro a Gidajen Malam Madori

Bayan kakar bara wani ɗan'uwana mai sayen riɗi a Malam Madori ya kira ni da sassafe. An fasa masa sito cikin dare, an yi gaba da buhuna shida da injin ban ruwa da ya ajiye yana jiran rani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne natsuwar da ke cikin muryarsa. "Ba komai, Yaya," in ji shi, "ai akwai kyamara." Da hantsi muka zauna a zaurensa, yaron da ya haɗa masa kayan ya durƙusa gaban talabijin yana mayar da hoto baya. Ƙarfe 12:40 na dare ga wata akuya ta gifta ta jikin katanga, ta tsaya ta sosa wuya, ta wuce. Daga nan sai baƙi ƙirin, har ƙarfe 7:15 na safe, lokacin da rana ta hau kan farantan sola. Ƙofar sito a wangale, mutane sun riga sun taru suna jajantawa.

Kyamarorin huɗu lafiyarsu ƙalau. Batirin da ke ba su wuta shi ne ke ɗauke da fankoki uku da firjin ƙanƙarar uwargida, kuma dare na rabawa ya ƙare.

Tunanin sa wa gida ido na na'ura ba sabo ba ne. A 1966 wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata a birnin New York na Amurka, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta suka nemi rajistar wata dabara ta kyamara a jikin ƙofa da ke nuna wa mai gida baƙo a talabijin, aka ba su a 1969. A 1996 kamfanin Axis na ƙasar Suwidin ya fito da kyamarar farko mai aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta. Amma abin da ya kawo ta har unguwanninmu araha ce, kuma arahar daga Sin ta zo: kamfanonin Hikvision da Dahua, dukansu a birnin Hangzhou, su ne suka cika kasuwannin duniya, har da shagunan Sabon Gari a Kano inda masu haɗa kaya na ƙasar Haɗeja ke saro nasu. Malam Madori, garin da ya girma a bakin layin dogon Kano zuwa Nguru, yana tara amfanin gona ana lodawa, har gobe gari ne na sito da buhu. Inda akwai ajiya kuwa, dole mai ita ya yi tunanin dare.

Kuskuren ɗan'uwana ba nasa ba ne shi kaɗai. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro da kyamarori, musamman a Abuja da Legas. An kafa turaku, an ɗora kyamarori da farantan sola, amma shekaru kaɗan bayan haka Majalisar Wakilai na binciken dalilin da ya sa ba sa aiki. Sayen ido abu ne mai sauƙi. Ciyar da shi kullum, dare da rana, shi ne aikin.

Lissafin wutar ba shi da wuya, sai dai masu sayarwa ba su cika son yin sa a gaban mai saye ba. Kyamara huɗu da akwatin naɗar hoto suna cin wajen wat 40. A awa 24 wannan ya kusa wat-awa 1,000. Batiri mai bolt 12 da amfiya-awa 100 a takarda yana riƙe da wat-awa 1,200, amma in irin na dalma ne, wanda ke son ya daɗe ba ya shan fiye da rabinsa. Wato batiri guda, sabo fil, da ƙyar yake raka kyamarori daga magariba zuwa hantsi, ko da ba a jona masa ko ƙwan fitila ba. Shi ya sa shawarata ga duk mai niyya ita ce ya ware wa kyamara batirinta da farantinta, kada su haɗa tukunya da fanka. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, babu mai gidan da zai zaɓi kyamara a kan barcin iyalinsa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Haka ma'ajiyar hoto. Kyamara mai matsakaicin kyau tana cika wajen gigabait 20 a yini. Huɗu kenan sun kai wajen 80, faifai mai terabait 1 zai riƙe abin da bai kai sati biyu ba, sannan sabon hoto ya hau kan tsoho ya shafe shi. Wanda ya tafi Umara ya dawo yana neman abin da ya faru farkon tafiyarsa, ya makara.

A kasuwa yanzu iri uku ake samu. Akwai tsohon tsari mai waya biyu, ɗaya ta hoto ɗaya ta wuta, shi ya fi araha. Akwai mai waya guda irin ta kwamfuta, wadda ke ɗauko hoto ta kuma kai wuta, sai dai ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa abin ƙara mata ƙarfi ba. Sai kuma wadda ta fi shiga ran mutanen fadama: kyamara mai ƙaramin farantin sola a kanta, da layin waya da katin ajiya a cikinta, a ɗaure ta a bishiya ko turke ta riƙa turo hoto wayar hannu. Tana da daɗi ga mai injin ban ruwa a bakin kogi ko mai garke a bayan gari, amma tana shan data, tana bin ƙarfin sabis, kuma ɓarawon da ya ciro ta ya tafi da shaidar a aljihunsa. Mai tunanin faɗaɗawa nan gaba, ya sayi akwati mai ƙofa takwas tun farko ko da kyamara uku zai fara da su, ya kuma bi da wayoyi cikin bututun roba saboda ɓera da rana. Akwatin kansa a ɗaga shi sama a ɗakin da baƙo ba ya shiga. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja ba ya bukatar a gaya masa dalilin ɗagawar.

Sauran ƙananan abokan gaba kowa zai gamu da su da kansa. Ƙurar hunturu tana rufe gilashi cikin sati guda. Hasken da kyamara ke gani da shi cikin duhu yana tara ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, ya yi saƙarsa daidai bakin gilashin, da dare ba abin da za ka gani sai farin zare yana lilo. Tsumma da tsani su ne maganin.

Duk wannan na kuɗi ne da ƙarfe. Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban cika jin ana tattauna shi ba, shi ne inda ake juya fuskar kyamarar.

Gidan Bahaushe gini ne da aka tsara don a taƙaita gani. Baƙo yana tsayawa a zaure. Ƙofar zaure ta ciki ba ta kallon ta waje, an karkata ta da gangan don kada idon mai wucewa ya zarce. Bayan zaure akwai ƙofar gida, akwai shigifa, kafin a kai tsakar gida inda mata ke daka da wanki da shan iska ba mayafi. Kowane mataki yana da wanda aka yarda ya taka shi. Addini ma ya ƙarfafa wannan: Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Magina na da, da ƙasa da azara, sun warware matsalar da mu yanzu muke sake buɗewa da sukurudireba.

Ka ɗora kyamara a saman bene ko kan tankin ruwa don ta kama lungu, sai ta kama lungun ta haɗa da tsakar gidan maƙwabci. Shi bai sani ba, kai ma wataƙila ba nufinka ba ne, amma matarsa tana cikin wayarka. Na san unguwar da irin wannan ta kai mutum biyu gaban mai unguwa, mutanen da iyayensu suka yi zaman shekara arba'in ba a ji kansu ba. Kusan duk akwatunan nan suna da hanyar da ake shafa baƙi a wani sashe na hoto don kada ya naɗu. Aikin minti biyu ne. A yi shi a gaban maƙwabcin, a nuna masa allon ya gani da idonsa. Wannan ya fi rantsuwa goma kwantar da hankali.

Sai masu sa kyamara a cikin gida, wai don lura da yara ko 'yan aiki. A nan ra'ayina a fili yake: iyakar kyamara zaure. Dalilina ba kunya kaɗai ba ce. Yaron da ya haɗa maka kayan shi ya saita manhajar, sau da yawa da wayarsa ya gwada, kuma kalmar sirrin da ya sa ita ce yake sa wa kowa don kada ya manta. In ba ka canza ta ba, in ba ka tsaya ya cire gidanka daga wayarsa a gabanka ba, to ka ba wani saurayi mabuɗin da ko ƙaninka ba ka ba. Abin bai tsaya kan yaron gari ba. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗa a duniya, ba da wata gwaninta ba, da gwada kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sakowa da su. Aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafukan intanet irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Masu kayan suna gida ba su san da su aka yi yaƙin ba.

Doka ma tana da abin cewa. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu, kuma a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Saboda haka ɗabi'ar nan ta watsa hoton wanda ake zargi a Facebook da WhatsApp kafin a kai wa 'yan sanda tana da haɗari ta fuska biyu: hoton dare yana sa Audu ya yi kama da Garba, kuma mun san abin da taron fushi ke iya yi wa mutum kafin gaskiya ta iso. In kuma magana ta kai kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman a tabbatar na'urar tana aiki daidai lokacin da ta ɗauki hoton. Akwatin da agogonsa ya koma shekarar da aka ƙera shi saboda ɗaukewar wuta, lauya mai wayo zai yi wasa da shi.

Ɗan'uwana bai ga buhunansa ba har yau. Ya sayi batiri na daban, ya mayar da akwatin saman sif, ya sauke kyamarar da ke kallon rijiyar tsakar gida ya kai ta bakin lungu. Su huɗu a layin suka haɗa kuɗi, kowa ya juya tasa ta rufe inda ta ɗan'uwansa ba ta kai, suka ba 'yan sintirin unguwa lambar wanda za a tasa in an ga motsi. Ranar da na koma, na tarar da maƙwabcinsa, wani dattijo mai sayar da buhunan wofi, a zaure yana leƙa allon da tabarau a hanci. Ya daɗe yana kallon baƙin murabba'in da ya rufe saman katangarsa, sannan ya ce, "Alhaji, ɗan ƙara shi ta nan, har yanzu ina hango igiyar shanya."