Akanta Janar: Mai Riƙe da Makullin Baitulmalin Jiha

A kowace jiha cikin jihohi 36 na Nijeriya, Akanta Janar shi ne babban jami'in da ke tsare dukiyar gwamnati, ya karɓi kuɗin shiga, ya biya na fita, ya rubuta kowane kwabo. Mutane kan haɗa shi da Kwamishinan Kuɗi, alhali aikinsu ya bambanta. Kwamishina ɗan majalisar zartarwa ne, yana tsara manufofin kuɗi, kuma yakan tafi idan gwamnati ta sauka. Akanta Janar kuwa ƙwararren ma'aikaci ne mai riƙe da littafi da makulli, kusan irin matsayin Ma'aji a baitulmalin En'e na da.

Aikinsa yana farawa daga ƙofar shigowar kuɗi. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa kan zauna, galibi a Abuja, inda kwamishinonin kuɗi da manyan akantocin jihohi suke halarta don a raba abin da aka tara daga man fetur da haraji da kuɗin kwastan. Kason jiha, haɗe da harajin cikin gida, yana shiga babban asusun da sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. A da, ma'aikatu kan buɗe asusu barkatai a bankuna, har gwamnati ta ci bashi da ruwa alhali kuɗinta na kwance a wani wuri. Tsarin asusun bai-ɗaya, wanda Gwamnatin Tarayya ta tilasta a 2015 kuma Jihar Kaduna ta ɗauka a shekarar, ya zo ne don toshe wannan kafa.

Ƙofar fita ta fi wuyar tsaro. Doka ta ce ba a cire kuɗi daga asusun sai da amincewar Majalisar Dokokin jiha ta hanyar kasafi. Idan shekara ta shiga kasafi bai zama doka ba, sashe na 122 ya yarda gwamna ya ci gaba da kashewa na tsawon da bai wuce wata 6 ba. Ko bayan kasafi, sai Kwamishina ya sa hannu a takardar izini kafin Akanta Janar ya saki kuɗi. Daga nan ofishinsa ya duba kowace takardar biya: an ware wa aikin kuɗi? An yi aikin? Wa ya tabbatar? Albashin malamai, fanshon tsofaffin ma'aikata, kuɗin 'yan kwangila da biyan basussuka duk ta nan suke bi. A watan da kason ya yi ƙasa, lissafinsa ne ke nuna abin da za a iya biya da wanda zai jira, kuma jinkirin albashi na mako guda kan taɓa har mai shagon unguwa da ke ba ma'aikata bashi. A ofishinsa ne kuma ake tankaɗe sunayen ma'aikatan bogi.

A ƙarshen shekara yana haɗa bayanin kuɗin jiha ya miƙa wa Odita Janar, mai binciken asusun gwamnati, wanda sashe na 125 ya ba kwana 90 ya kai rahotonsa majalisa. Raba aikin biyu hikima ce, domin mai riƙe kuɗi ba ya binciken kansa.

Sai dai akwai giɓi. Tsarin mulki ya kare Odita Janar: ba a tsige shi sai kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa sun nema. Akanta Janar ba shi da wannan kariya, ga shi kuma shi ne ake so ya ce a'a idan umarnin biya ya zo daga sama ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya sa hannu a irin wannan takarda, shi Hukumar EFCC za ta nema ko bayan gwamnan da ya ba da umarnin ya sauka.